Rowar Ilimi Tsakanin Masu Rubuta Manhaja

Wani ɗan'uwana mai shagon magani a Birnin Ƙonni ya biya wani matashi ya rubuta masa manhajar lissafin kaya. Aiki ya yi kyau. Sai yaron ya koma Yamai, bai bar wa kowa bayanin yadda ya ƙulla ta ba. Ranar da ta cije, samari uku suka yini a gabanta, dukansu gwanaye ne, suka tashi ba su gane kanta ba. Yau ɗan'uwan nawa ya koma littafi da biro.

Na san hujjar masu ɓoyon. Kasuwa ƙarama ce, in ka koya wa wani, gobe ya ƙwace maka ciniki. Ban raina wannan tsoro ba, domin abinci ne. Amma rowar nan mai ita take fara ci. Matsalar da ta hana ka barci kwana uku, wataƙila wani a Illela ya warware ta tun watan jiya, girman kai ya hana ka tambaya. Kuma duk wanda ya taɓa zama yana yi wa ƙaninsa bayanin aikinsa layi bayan layi, ya san a nan ne kurakuransa ke fitowa fili tun kafin su kai ga mai kaya.

Mu da ke maƙwabtaka da Galmi bai kamata a koya mana wannan ba. Irin albasar Galmi ya bazu cikin Afirka ta Yamma, manoma na karɓa hannu da hannu, kuma har gobe sunan wannan gari na yankin Malbaza ake kira a kasuwa. Haka Linus Torvalds, yana ɗalibi a Finland, ya saki Linux a 1991 kowa ya duba ya gyara. A kansa aka gina Android da ke cikin wayoyinmu.

Yamai na da CIPMEN, cibiyar renon sabbin kamfanoni, tun 2014, amma tsakaninmu da ita ya fi kilomita 400. Yaranmu da ke karatu a Jami'ar Tawa suna dawowa hutu. Rumfa ɗaya da yammacin Asabar ta ishe su su buɗe wa juna aiki. Ku kuma ƴan kasuwa, kada ku biya cikon kuɗi sai an miƙa muku asalin rubutun manhajar da bayaninta a rubuce.