Wasiƙa ga Malaman Turanci na Kankiya da Kusada

 

Akwai kalmar da ɗalibanmu suka ɗauko daga jaridu suna yayinta a insha'in WAEC da NECO, wato lackadaisical. Yawancinmu kan ce musu "lalaci" kawai, mu wuce. Shawarata ita ce mu daina wannan saurin, domin fassarar ta rage wa kalmar rabin ma'anarta.

Malalaci ba ya zuwa wurin aiki. Mai ganda yana zuwa, amma yana neman hanyar zillewa. Shi kuwa wanda Bature ke nufi da wannan kalma ya zo, bai gudu ba, fartanya na hannunsa a lokacin noman firi, sai dai ya yi sara ɗaya ya tsaya kallon hanya, ciyawar da ya tsallake ba ta dame shi ba. Sanyin jiki ne haɗe da halin ko-in-kula, irin aikin "a yi dai a gama".

Ku ba ɗalibai asalinta, don shi ke sa ta zauna a kai. Daga lackaday ta fito, wata tsohuwar kalmar kokawa ta mutanen Ingila mai kama da "kaico". Ita lackadaisical tana cikin wani littafin Laurence Sterne na 1768. A wancan zamani ana nufin mai yawan ajiyar zuciya da langaɓewa ne, daga baya ma'anar ta koma rashin kuzari wajen aiki.

Ku lura da abu uku. Na farko, siffa ce, dole ta raɓi suna: mutum, ko aikinsa, ko halinsa. Jaridunmu sun kusa aurar da ita ga attitude, har yara na zaton ba ta tafiya da kowa sai shi. Na biyu, babu harafin x a cikinta, ko da kun ji ana furta ta haka. Na uku, zargi ce. Wanda ciwo ko yunwa suka kashe wa jiki ba shi ake nufi ba, kuma ba a jefa ta ga babba a wasiƙar neman alfarma.

Kada ku sa su haddace ta. Ku ce kowa ya kawo jimla daga abin da ya gani da idonsa. Mai burin shiga Makarantar Fasahar Lafiya ta Kankiya ya rubuta kan ma'aikacin da ke cika katin majiyyaci yana danna waya.

Haka nan, kafin ɗayanmu ya rubuta ta a katin sakamakon wani yaro, ya fara tambayarsa ko ya karya kumallo.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.