Ɗaliban aikin jinya: Haƙuri kaɗai ba zai ɗauki wannan kaya ba

A shekarar 2025 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta soke wata doka da ta daɗe tana aiki da ita, wato dokar sallamar duk ɗalibin da ya faɗi jarrabawar ƙwarewa har sau uku. Bisa sabon tsarin, ɗalibi zai ci gaba da maimaita ɓangaren da ya faɗi har Allah Ya ba shi nasara, muddin yana halartar darussa da aikin asibiti yadda aka shar'anta. Ga wanda ba ya da ɗa ko ƙanwa a wannan fanni, labarin ƙarami ne. Amma ga wanda ya taɓa ganin yarinyar da ta share shekara uku tana kwana a asibiti, aka ce ta tattara kayanta ta koma gida hannu rabbana, ya san ba ƙaramin dutse aka ɗauke daga ƙirjin bayin Allah ba. Ina yaba wa majalisar bisa wannan mataki. Sai dai ina ganin ganye ɗaya aka tsinka, itacen kuwa yana nan tsaye, domin damuwar da ke cin ɗaliban aikin jinya ta wuce ta ɗakin jarrabawa nesa ba kusa ba.

Bari mu bi sawun ɗalibar tun daga ƙofar shiga. Na ce ɗaliba ne saboda mata sun fi yawa a wannan aiki, ba don maza ba sa shan irin wannan wuya ba. A tsarin da aka daɗe a kansa na shekara uku, wata shida na farko zango ne na share fage da ake kira PTS, wanda a ƙarshensa ake tankaɗe da rairaya, a sallami waɗanda ba su kai labari ba, sannan a yi wa sauran bikin sanya hula. Yanzu makarantu da dama sun koma tsarin difloma da babbar difloma na shekara huɗu, su kuma jami'o'i suna yin digiri na shekara biyar, amma nauyin bai ragu ba. Yarinya 'yar shekara 18 da ta fito daga sakandare jiya jiya, ita ce za a ɗora wa ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, da ilimin ƙwayoyin cuta, da na magunguna da lissafin awonsu, duk cikin Turancin da ba lallai ne makarantar da ta baro ta ba ta shi yadda ya kamata ba. Kuma tana karatun ne da sanin cewa an sayar da akuya ko buhun hatsi kafin a biya mata kuɗin rajista, ga shi dukan gidansu ita aka zuba wa ido.

Wannan duk nafila ce idan aka kwatanta da ranar da za a tura ta ɗakin marasa lafiya. Ɗalibin lissafi ko na tarihi idan ya yi kuskure, jan biro ne kawai zai hau takardarsa. Ita kuwa kuskurenta a jikin mutum yake sauka. A can za ta fara ganin rai yana fita, wataƙila na jariri, wataƙila na mai haihuwar da ba ta girme ta ba. A can za ta wanke gyambon da danginsa ma suka ja da baya, ta kwashe bahaya da amai, ta rufe gawa, sannan a ce maza ta je gado na gaba ta auna zafin jiki. Ba safai ake samun wanda zai ja ta gefe ya tambaye ta yadda ta ji ba. Idan ta yi kuka a ce ragwanta ce, idan ta yi shiru a ce ta saba. Da asuba za ta miƙa aikin dare, ta wanke fuska, ta nufi aji, ko kuma ta buɗe littafi don jarrabawar da ke tafe.

Haɗarin da take ciki kuma ba tatsuniya ba ne. Zazzaɓin Lassa da ke ziyartarmu kusan kowane rani ya samo sunansa ne daga garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, kuma a shekarar 1969 da aka fara gane shi, ma'aikatan jinya ya fara kashewa: Laura Wine da ta kamu a Lassa aka kai ta Jos ta rasu, sai Charlotte Shaw da ta yi jinyarta, ita ma ta bi ta. A shekarar 2014 da cutar Ebola ta shigo Legas, cikin waɗanda suka rasa rayukansu har da wata nas mai suna Justina Ejelonu, wadda ba ta daɗe da kama aiki a asibitin ba. A shekarar 2018 kuma aka sace ungozomomi biyu, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, a garin Rann, daga baya aka kashe su. Ɗalibanmu suna jin waɗannan labarai, kuma sun san cewa allurar da aka yi wa majinyaci idan ta soke su tana iya ɗauko musu ciwon hanta ko cutar ƙanjamau. Amma a asibitoci da yawa safar hannu ma sai majinyaci ya sayo, idan bai sayo ba ɗaliba ce za ta san dabarar da za ta yi.

Sai kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato wulaƙancin cikin gida. Ɗaliba ita ce ta ƙarshe a jerin gwanon asibiti. Likita ya huce a kan sista, sista ta huce a kan ƙaramar nas, ƙaramar nas ta huce a kan ɗaliba, 'yan'uwan majinyaci da suka ga ba sa iya tunkarar manya su ma su sauke nasu fushin a kanta. A tsawata mata a gaban maras lafiya, a aike ta sayen abinci a lokacin da ya kamata a nuna mata yadda ake sa ƙarin ruwa, sannan littafin da ake sa mata hannu na ayyukan da ta koya ya zama bulalar da ake razana ta da ita. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci kuma, ita ake cike giɓi da ita, a bar mata ɗaki guda da dare ba tare da mai duba ta ba. Idan aka kwana lafiya yabo na wasu ne, idan aka samu matsala laifi nata ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

A nan Arewa akwai ƙarin kaya. Da yawa cikin ɗalibanmu matan aure ne, wasu da goyo, wasu da juna biyu. Ta dawo daga aikin dare ga girki yana jiranta, ga maigida ya fara ƙorafi, ga maƙwabta da ke ƙirga dararen da ba ta kwana a ɗakinta ba. Mu ne muke cewa ba ma son namiji ya karɓi haihuwar matanmu, kuma mu ne muke yi wa yarinyar da ta fita koyon karɓar haihuwa kallon hadarin kaji. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota zuwa asibitin da aka tura ta ma ya zama abin da take kwana tana lissafi.

Masana ba su ɗauki irin wannan hali da wasa ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar rai da aiki ke haifarwa a matsayin abin da ke biyo bayan matsin da ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar kuzari, da nesanta zuciya daga aikin har mutum ya fara ƙinsa, da raguwar ingancin abin da yake yi. Ina roƙon mai karatu ya sake duba alama ta biyu. Kullum muna kuka da nas-nas masu tsawa da ɗaure fuska, waɗanda mai naƙuda za ta yi ta kira su yi kunnen uwar shegu da ita. Ban ce ba su da laifi ba. Amma ina da yaƙinin cewa mafi yawansu da tausayi suka shiga makaranta. A hanya aka koya musu, ba da baki ba, cewa hanyar tsira ita ce mutum ya busar da zuciyarsa. Abin da muka shuka a makarantar koyon aikin jinya shi muke girba a ɗakin haihuwa.

Na san abin da wasu dattawan wannan aiki za su ce: mu ma haka muka sha, har abin da ya fi haka, ga mu ba mu mutu ba, kuma aikin ceton rai ba na rago ba ne. Akwai gaskiya a cikin maganarsu. Ba wanda ke son nas da za ta suma idan ta ga jini, kuma horo mai tsanani a kan tsabta da kiyaye lokaci da awon magani wajibi ne, domin sassauci a nan kisa ne. Sai dai masu wannan magana su ne waɗanda suka ƙetare. Waɗanda suka ajiye karatun, da waɗanda suka gama amma suka tsani aikin, da waɗanda suka faɗa shan maganin barci ko na hana barci, ba a gayyatar su taron tsofaffin ɗalibai su ba da nasu labarin. Tsanani a kan ƙa'ida daban, cin zarafi daban. Ita kanta Florence Nightingale da ake buga misali da ita, wadda ta je yaƙin Kirimiya a 1854 ta kuma buɗe makarantarta a Landan a 1860, ta shafe shekaru masu yawa na rayuwarta a kwance cikin rashin lafiya bayan dawowarta. Jikin ɗan Adam yana da iyaka, ko da na gwarzo ne.

Haƙuri ibada ne, kuma ba na jayayya cewa salla da addu'a da dogaro ga Allah su ne sandar da ɗalibanmu da yawa ke dogarawa. Amma wanda ke da ikon gyara ba ya da hurumin ya ce wa na ƙasa da shi ya yi haƙuri sannan ya naɗe hannu. Rufaida al-Aslamiyya da ta yi jinyar Sa'ad bin Mu'az bayan yaƙin Khandaƙ, a tantin da aka kafa mata a masallacin Madina ta yi, wato al'umma ce ta ba ta wuri da mutunci. Juriya tana da rabon da mutum ke zuwa da shi daga gida, amma babban rabonta wurin da yake ne ke gina shi ko ya rushe shi.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa idan muka dubi alƙaluma. A watan Fabrairu na 2024 magatakardar majalisar na wancan lokaci, Faruk Abubakar, ya ce sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Gwamnatin Tarayya ta mayar da martani da ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Niyyar mai kyau ce, musamman a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 sun mutu a dalilin ciki da haihuwa a 2023. Amma ƙwararrun da suka tafi su ne ya kamata su koya wa sababbin aiki a gefen gado. Idan ɗalibai suka ninka, malamai da ɗakunan kwana da gadajen koyo ba su ninka ba, to matsin da ke kan kowace ɗaliba ne zai ninka. Zuba ruwa a tulun da ke yoyo ba ya cika shi.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar biliyoyin naira. Na farko, majalisar ta sanya ofishin ba da shawara mai sirri, da ƙwararren ma'aikaci a cikinsa, cikin sharuɗɗan amincewa da kowace makaranta, kuma kada abin da ɗaliba ta faɗa a can ya kai kunnen mai ba ta maki. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta buɗe wannan ƙofa, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau da za a iya ƙulla hulɗa da su. Na biyu, a haramta barin ɗaliba ita kaɗai a ɗakin marasa lafiya, a kuma ƙayyade yawan dararen da za ta yi a jere, kada a sa mata darasi ko jarrabawa da safen da ta sauka daga aikin dare. Na uku, duk ranar da aka yi rasuwa mai tayar da hankali, babbar ma'aikaciya ta zauna da ɗalibai ko na minti goma sha biyar ne, a yi magana a kai. Na huɗu, a yi wa kowace ɗaliba allurar rigakafin ciwon hanta guda uku kafin ta fara taɓa majinyaci, a kuma tabbatar ta san inda za ta samu maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 idan allura ta soke ta, ba tare da tsoron faɗa ba. Na biyar, a buɗe hanyar kai ƙara a kan cin zarafi wadda ba za ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba. Na shida, gwamnatocin jihohi su gina ɗakunan raino da masaukin matan aure a makarantunsu. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a jihohi irin su Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara ya nuna cewa idan aka kula da bukatun mace, 'yan matan karkara suna shiga wannan karatu kuma suna gamawa.

Ku kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu ɗalibai, ku riƙe juna, ku yi karatu a ƙungiyance, kada ku mai da barci abin wasa, ku nesanci ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara kuzari. Idan kika ga kin yi makonni ba barci, ba cin abinci, ko kin fara jin rayuwa ta fita daga ranki, ki faɗa wa wanda kika amince da shi, ki nemi likita. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba ne. Idan kuma Allah Ya sa kuka zama manya gobe, kada ku rama a kan na bayanku.

Mu kuwa sauran jama'a, kowannenmu yana da ranar da zai kwanta a gadon asibiti, kuma hannun da zai juya shi ya ba shi magani yana makaranta a yau. Yadda muka riƙe wannan hannu haka zai riƙe mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙarfafi masu jinyarsu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.