Sauya Wa Guba Suna Ba Ya Kashe Dafinta

Ya ku 'yan uwa matasa, mu dubi Hanford da ke jihar Washinton ta Amurka. A can aka sarrafa sinadarin fulutoniyam na bam ɗin da ya ƙone Nagasaki a 1945. Yaƙi ya ƙare, dattin yana nan: kimanin galan miliyan 56 na sharar nukiliya cikin tankuna 177 a ƙarƙashin ƙasa, kusa da kogin Kolombiya. Ana zargin fiye da 60 sun yi yoyo.

A 2019 Ma'aikatar Makamashin Amurka ta fito da sabuwar fassara, wai ana iya sauke wani ɓangaren shara mafi hatsari zuwa aji na ƙasa, a binne shi da araha. Gwamnatin jihar ta ƙi yarda, kuma ita ke da gaskiya. Wanda ya zuba datti, kuma shi zai biya kuɗin kwashewa, ta yaya zai zama alƙalin girman hatsarinsa? Fulutoniyam sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya gushe. Su wa za su sha ruwan? Talakawa da jikokinsu.

Ƙasa amana ce. Allah Ya ganar da mu.