Ta sayi shida, ta karanta biyu

A ɗauki misalin wata akanta a Kaduna cikin Disamba, watan rufe lissafin shekara. Tana fita da sanyin safiya, ba ta komowa sai bayan isha'i. Duk da haka a watan ta sayi littattafai shida, ta gama biyu kacal, huɗu na gefen gado ko ledarsu ba a cire ba. Maigidanta ya ce almubazzaranci ne, ita kuma abin na damunta kamar bashin da ba ta biya ba. Su biyun sun yi kuskuren lissafi.

Sayen littafi da karanta shi ba lokaci ɗaya suke bi ba, musamman a ƙasar nan. Marubucin Hausa da ya buga littafi da kuɗin aljihunsa kwafi kaɗan yake fitarwa, idan suka ƙare kuwa sake bugu sai an yi sa'a. Duk wanda ya taɓa bin shaguna yana cigiyar wani littafin adabin kasuwar Kano na shekarun 1990 ya san wannan wahala. Littafin waje kuma farashinsa dala yake bi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 mai jinkiri shi ke biyan tsada. Saboda haka wanda ya ga littafi ya saya alhali ba shi da sukunin buɗe shi, tanadi ya yi, irin na mai sayen hatsi da kaka. Japanawa ma suna da kalma ta musamman ga tulin da ba a karanta ba, tsundoku, alamar cewa ɗabi'ar ba a nan kaɗai take ba.

Abin lura shi ne waɗanne biyun ta gama. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ɗan siriri ne, dare biyu ya ishe shi. Na biyun shi ne littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, inda aku ke tsare Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Kowane labari yana da farko da ƙarshe, ya yi daidai da minti goma sha biyar ɗin da gajiyayye ke da su kafin barci ya sace shi. Ƙaton littafin tarihin da ta fi ɗokinsa kuwa a shafi na 40 ya maƙale, domin kullum sai ta koma baya neman inda zaren ya tsinke.

A wuri ɗaya maigidan yake da gaskiya, ko da yake ba can ya nufa ba. Aiki bai cinye watan duka ba. Akwai zaman jira a banki, akwai cunkoson gadar Kawo a kujerar baya, akwai rabin sa'a bayan cin abincin dare. Waɗannan WhatsApp ne ya kwashe su, domin waya tana cikin jaka, littattafan kuwa suna gida a gefen gado.