Mai Ƙiba a Kujerar Likitan Maƙogwaro

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin aikin maƙogwaro ido biyu: wanzami kan cire beli mutum na zaune, ba tare da maganin kashe zafi ba. Likitancin zamani ma ya koma kan kujera, sai dai da ilimi da tsafta. A yau likitan kunne, hanci da maƙogwaro kan fesa maganin Lidocaine, ya zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanci, ya duba tantanin murya, wani lokaci har ya ɗebi ɗan nama don gwaji, majinyaci kuma ya koma gida a ranar.

Wannan sauƙi ba daidai yake ga kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa, wato wadda ma'aunin nauyi da tsawo ya kai 30. Kitse ba a tumbi kaɗai yake taruwa ba. Yakan taru a harshe da bangon maƙoshi, hanyar iska ta ƙuntata, hangen likita ya ragu. Teɓa kan danne huhu, numfashi ya yi wuya idan aka kwantar da mutum. Ƙiba kuma takan zo da ƙwannafi, wanda ke sa maƙogwaro saurin tari da yunƙurin amai da zarar an taɓa shi.

Kuskure ne a ɗauki wannan hujjar hana mai ƙiba aikin kujera. Madadinsa shi ne ɗakin tiyata da maganin barci, inda haɗarin ya fi yawa gare shi: sanya bututun numfashi ya fi wuya, iskar jininsa ta fi saurin sauka, musamman in yana minsharin da numfashi ke ɗaukewa cikin barci. Wanda kujera ta fi wahalarwa shi ne ya fi buƙatarta.

A dubi ladan ko malamin makaranta a Rogo Sabon Gari wanda muryarsa ta dishe fiye da mako huɗu, lokacin da likitoci ke ba da shawarar a duba maƙogwaro. Irin wannan aiki sai ya nufi manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. In aka dakatar da aikin a tsakiya saboda ya kasa jurewa, ya yi asarar kuɗin mota da wuni guda, wataƙila kuma ba zai sake komawa ba, ko da ciwon daji ne ke ɓoye bayan dishewar.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ma'aikacin lafiya a Rogo ko Karaye zai iya auna nauyi da kaurin wuya, ya tambayi batun minshari da ƙwannafi, ya rubuta a takardar turawa. Likitan birni kuwa ya zaunar da majinyaci a miƙe, ya ba maganin lokaci ya kama, ya bayyana masa kowane mataki. Juriya ba jarumtar majinyaci ba ce kawai. Mafi yawanta shiri ne, shirin kuma tun daga ƙauye yake farawa.