Fiyanon Mamman Sani da kwalin kaset ɗin Baba

1/ Jiya a gidanmu na Dakata na buɗe kwalin kaset ɗin Baba, Allah ya jiƙansa. Ya tara su ne lokacin yana aikin masaƙa a Bompai: Shata, Ɗan Maraya, Barmani Choge. Rabi sun yi fumfuna, zaren wasu ya manne. Raina ya ɓaci wallahi. Ku biyo ni, akwai magana. 🧵

2/ Kun san Mamman Sani Abdoulaye na Nijar? Makaɗin fiyano ne mai lantarki, irin wadda ake kira ogan. A 1978 ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasa a Yamai ya ɗauki kundinsa na farko. Kaset kaɗan aka buga, maganar ta kwanta.

3/ Sai 2013, bayan shekara 35, kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley a Amurka ya sake fitar da kundin a faifan garmaho. Dattijon nan har Turai ya je ya yi wasa. Me ya cece shi? An samu kaset ɗin da aka adana, bai lalace ba.

4/ A shekarar dai kamfanin ya fitar da "Harafin So", tarin waƙoƙin finafinan Hausa. E, kiɗan fiyanon nan namu na Kano da wasu ke yi wa kallon raini, shi aka zuba a faifai ana sayarwa a waje.

5/ Ku dubi Bill Evans, makaɗin fiyanon jaz na Amurka. Kundinsa na farko, "New Jazz Conceptions", a 1956 aka ɗauke shi, shi da mai ganga da mai bes. Da ya fito kasuwa bai yi ciniki ba. Amma an yi ta sake buga shi, masu son sauti garau suna saye da tsada, don kamfanin ya adana abin da aka ɗauka a situdiyo.

6/ Mu fa? Waƙa na fitowa sai a mayar da ita MP3. Shi kuwa MP3 zubar da wani ɓangaren sautin yake don fayil ya ƙanƙance. A ɗora a status, wani ya sauke, ya sake juyawa, mai tura waƙa ya ƙara sunan shagonsa a kai. Kafin ta iso wayarka ta zama romon baya.

7/ Na san wani zai ce: "Malam, ana neman na garin kwaki kana maganar faifai?" Gaskiyarka. Ni ma ba ni da garmaho, ba na cewa kowa ya saya. Maganata a kan asali ce. In asalin yana nan, ko bayan shekara 50 za a iya gyarawa a sayar, magada su ci. In ya tafi, shi ke nan.

8/ Wani abokina mawaƙi ya koma situdiyon da ya yi kundinsa na farko neman asalin aikinsa. Aka ce kwamfutar ta mutu tun bara. Yanzu abin da ya rage masa kwafin da ke yawo a WhatsApp, da muryar wani yana tallan shagonsa a tsakiya.

9/ Don haka mawaƙa, 'yan uwa: ranar da ka biya kuɗin situdiyo, karɓi fayil ɗin WAV, da kiɗa daban, murya daban. Ajiye wuri biyu, ɗaya a intanet. Rubuta shekara da sunan wanda ya kaɗa fiyanon. Haƙƙinsa ne.

10/ Masu kaset a gida kuma, don Allah kar a ba yara su yi wasa da zaren. Ni na ware 11 da suka tsira, ranar Asabar zan juye su a kwamfuta. Duk mai rediyo mai kaset da ke aiki a Dakata ko Kawaji, ya yi min magana, aro nake nema.