Daga Bakin Allo: A Kai Yara Tafkin Ayu a Kan Keke

Ga hutun ƙarshen shekara ya matso, ruwan sama ya ɗauke, kuma kowa ya san abin da za a gani a lungunan New Bell da Deido: ƙananan yara suna bin ƙwallo a bakin kwata tun safe har magariba, manyansu kuwa suna tsaye a mararraba suna sha'awar 'yan bendskin. Shawarar da muka kawo wa iyaye da 'yan'uwanmu malamai a wannan wata ita ce a fitar da yaran nan bayan gari a kan keke, ko da na kwana biyu ne, su ga dajin da Allah ya ajiye kusa da mu.

Mu da ke tsayawa gaban allo mun san irin kunyar da ake ji in an zo darasin labarin ƙasa. Muna koya wa yaro cewa kudancin Kamaru ƙasar kurmi ce, ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki, alhali bai taɓa tsayawa ƙarƙashin itacen da mutum uku ba za su iya rungume shi ba. Gungumen da ya sani su ne na bayan tirela, ana kai su tashar jirgin ruwa. Ɗan dajin da ya rage a cikin gari, wato Bois des Singes na wajen filin jirgin sama, yawancinmu ba mu zuwa can sai rakiyar gawa, kuma gidaje sun cinye mafi yawansa.

Shi ma keken ya ɓace mana. Iyayenmu da Raleigh da Phoenix suka yi fatauci, suka ɗauko goro da nama a kan kariya. Tun da babur na haya ya cika gari a farkon shekarun 1990, bayan zamanin da aka riƙa rufe kasuwanni a 1991, sai hawan keke ya zama abin dariya. To, mu ba ma ganin laifin wanda ya ƙi hawa a cikin Duwala, domin ganganci ne. Haka nan kada wani ya yi gigin bin babban titin Yawunde da yara. Wannan titi na tireloli da bas-bas ne, ba ya da imani. A ɗaura kekunan a saman mota, a biya musu, a sauka a Edéa, kimanin kilomita 60 daga nan.

Daga Edéa ne tafiyar take farawa. A fara kai yara tsohuwar gadar ƙarfe da Jamusawa suka gina a kan kogin Sanaga a 1911, wadda yanzu aka bar wa masu ƙafa da masu keke. Sa'an nan a ɗauki hanyar Dizangué, wadda ba ta kai kilomita 20 ba. Da an rabu da babban titi kunne yakan huta. Hanya ta ratsa gonakin roba da na kwakwar manja na kamfanin SAFACAM, itatuwa sahu-sahu kamar ɗalibai a taron safe, ga inuwa, kuma ƙasar ba ta da hawa mai karya gwiwa. Amma a gaya wa yara gaskiya: wannan gona ce, ba kurmi ba. Kurmin da ke wurin a da, sare shi aka yi aka shuka waɗannan tun zamanin Turawa.

Kurmi na ainihi yana gaba, wajen Mouanko, inda Sanaga ke dab da shiga teku. Nan ne gandun dajin Duwala-Edéa, wanda aka keɓe tun 1932, kuma a 2018 gwamnati ta ɗaga darajarsa ta faɗaɗa shi har ya haura hekta 260,000, ya haɗa da wani yanki na teku. Akwai giwayen kurmi da birai iri-iri a ciki, kunkurun teku kuma suna zuwa gaɓarsa su yi ƙwai. Sai dai zuwa Mouanko aikin samari ne masu ƙarfi, kuma a tambayi halin da hanyar take ciki kafin a tashi, gama damina takan ɓata ta ƙwarai. Abin takaici, babban hutunmu na Yuli da Agusta ya faɗo daidai tsakiyar ruwan Duwala, shi ya sa muke cewa Disamba zuwa Fabrairu.

Ga 'yan firamare da na ƙananan ajin sakandare, Dizangué ta isa, domin a gefenta ne tafkin Ossa yake, mai faɗin hekta 4,000 ko kusa da haka. Kuma a cikin wannan tafki akwai ayu.

Nan ne maganar ta shafe mu, mu Hausawa, fiye da yadda muke zato. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin man ayu ba? Masu tallar magani suna kiransa da lasifika, mata suna aika a sayo musu a ɓoye, 'yan kwalabe suna yawo daga Kano har New Bell. Amma in ka ce a kwatanta maka ayun, sai a yi shiru, ko a ce maka wata aljanar ruwa ce. Ba aljana ba ce. Dabba ce mai shayarwa, tsawonta yakan kai mita 3, ciyawar ruwa ce mafi yawan abincinta, ba ta cizo ba ta harbi. Takan ɗauki ciki wajen shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, sa'an nan ta yi shekaru tana renonsa kafin ta sake haihuwa. Dabbar da ke hayayyafa a hankali haka, in an kashe uwa guda an yi ɓarnar da za a daɗe ba a mayar ba. Dokar Kamaru ta sa ayu a cikin rukunin farko na namun da aka hana kashewa sam, kuma wanda aka kama da namansa ko mansa, shi da maharbin duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Mai sayen kwalba kuwa ba shi da hanyar gane abin da ke ciki. In jabu ne an cuce shi, in na gaske ne da kuɗinsa aka yi kisan.

Ayun Ossa sun sha wata wahalar dabam. Wata ciyawa mai kama da kainuwa, wadda asalinta daga Barazil ne, ta shiga tafkin, har a wajen 2021 ta rufe kusan rabinsa, ta kashe abincin ayu, ta hana masunta jefa taru. Ƙungiyar AMMCO da ke Dizangué, ƙarƙashin wani masani ɗan ƙasar nan, Aristide Takoukam Kamla, ta saki wani ɗan ƙwaro wanda ba ya cin komai sai ita wannan ciyawa, ruwan ya sake buɗewa. A 2024 an ba shi lambar yabo ta Whitley a Ingila. Muna so yaranmu su ji wannan labari a bakin ruwan, daga bakin masuntan da abin ya shafa, su san cewa karatun kimiyya ba a littafi yake ƙarewa ba.

Ba man ayu kaɗai ya ɗaure mu da wannan yanki ba. Bandar kifin bonga da muke sa wa miya, yawancinta da itacen matanda ake yinta, wato itacen nan na bakin teku mai saiwoyi a sama kamar ƙafafun gizo-gizo. Shi ne kuma ake saukewa a kwalekwale a Youpwé, ya shiga gidajen burodi da tukubar masu tsire. A cikin saiwoyinsa kifi ke ƙyanƙyasa. Ba mu ce mahauci ya kashe wutarsa ba, sana'ar gado ce kuma da ita ake biya wa ɗalibanmu kuɗin makaranta. Amma ya kamata ɗan mahauci ya ga inda itacen ke fitowa.

Maganar shiri ba ta da yawa. A duba birki da sarƙa tun a gida, a riƙe famfo da kayan faci, da ruwan sha da guzuri, domin ba ko'ina za a sami yankan Musulmi ba. Kowane yaro da izinin iyayensa a rubuce, kowane babba da katinsa na ɗan ƙasa saboda shingen jandarmomi, kuma kada babba ɗaya ya riƙe yara fiye da biyar. In an isa a fara gaida sarkin ƙauye, a nemi ma'aikatan gandun daji kafin a shiga ko'ina. Ba a sa yaro a kwalekwale sai da rigar ruwa, ko da ya rantse ya iya iyo.

Kada kuma a yi wa yara alkawarin ganin ayu ƙuru-ƙuru. Dabba ce mai kunya, ruwan kuma ba garau yake ba. Wanda ya yi sammako ya zauna shiru, watakila ya ga hanci ya ɓullo ya shaƙi iska ya nutse, ko masunci ya nuna masa ciyawar da ta ci cikin dare. Kowa ya tafi da littafinsa da fensir, gama ranar da aka koma makaranta za mu tambaya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.